Wankan Baba

A ƙasa na samu littafin, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin Babbar Kasuwa. Na Faransanci ne, bangon ya yage. Ni da na bar lakol tun aji shida, da yatsa nake bin layi, amma zaman gida ya sa na cinye shi. Lokacin ɓarin jikin Baba ya shanye, Inna ta rasu, jinya ta faɗo kaina a gidanmu na unguwar Gamkalley.

Labarin wani gida ne a ƙasar Turawa inda ake aje tsofaffin da ba sa iya yi wa kansu komai. Marubucin so yake a ji tausayinsu. Ni kuwa wata ma'aikaciya na sa wa ido. Tana wanke su, tana ba su abinci a baki, kamar ni. Amma ita in yamma ta yi sai ta tuɓe farar rigarta ta rataye, wata ta karɓe ta, ta yi tafiyarta. Wallahi na yi hassadar rigar nan.

Ni ba mai karɓata. Yayana ma'aikacin gwamnati ne, duk Juma'a yake zuwa da nonon yawur da ayaba. Kafin ya iso na wanke Baba, na sa masa babbar riga da hula, na fesa turare. Shi Yaya dattijo tsaf yake tararwa, ni na san abin da ke ƙarƙashin rigar. Baba ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, don ɗan fari ne, kunyarsa yake ji. Ni kuwa sai "kai, shashasha, kawo buta."

Wani abokina ya samo mini aikin yaron mota a kamyon, babbar motar kaya mai zuwa Kwatano. Na tare Yaya a ƙofar gida.

"Yaya, ka riƙe Baba sati ɗaya, in je in dawo."

"Ba wanka ba ne kawai? Me ke ciki? Kai dai ƙafarka ce ke ƙaiƙayi."

Washegari ya zo ya naɗe hannun riga don gwaji. Na nuna masa sabuni da soso, na fice kasuwar Petit Marché ina yawo ba dalili, kamar akuyar da ta tsinke igiya. Da azahar na dawo. Ruwan ya huce a bokiti, Yaya na zaune a tsakar gida.

"Ya ƙi," in ji shi. "Ko fura bai sha ba."

Na shiga. Baba ya juya fuska ga bango, ya damƙe wuyan rigarsa da hannun mai lafiya.

"Shi ka turo mini ya ga tsiraicina?"

"Baba, ni ba ɗanka ba ne? Ni ba ka jin kunyata?"

"Kunyar me? Kai da ka yi ta mini fitsari a wuya har ka yi wayo. Shi ko ɗaukarsa ban taɓa yi ba."

Ya saki rigar. Da na juya ɗauko ruwa sai ga Yaya a bakin ƙofa, ya ji komai. Hannun Baba yake kallo, da ke dafe da kafaɗata. Ya je ya ɗumamo ruwan, ya aje a bakin labule, ya koma waje.

Kamyon ya tafi ba da ni ba. Har yau in na ji ƙarar babbar mota a kan gada sai raina ya ɓaci. Littafin kuma Yaya ya ara a ranar, bai dawo da shi ba.