Yadda Waya Ta Sa Na Kwaso Shanuna Daga Ruga Zuwa Tsakar Gida

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwar hatsi ne a Birnin Gwari, magidanci, gemu ya soma furfura, kuma ina ɗaukar kaina mutum mai natsuwa wanda ba a ruɗa shi da sauƙi. Masara da dawa nake saye a hannun manoman Kusasu da Kutemeshi, in tara a shago, in sayar wa masu manyan motoci. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina karatun Hausa, ina sauraron rediyo, har a majalisarmu ni ake tambaya in an yi gardama. Na rubuto wa jaridarku ne don labarin ya riga ya zaga gari, kuma na ga gara in ba da shi da bakina kafin a ƙara masa gishiri fiye da wanda aka riga aka zuba.

Ina da wani amini Bafulatani, makiyayi. Mahaifinsa ne ya yi wa mahaifina kiwo, shi kuma ya gaji riƙon 'yan shanuna. Tare muka taso, mun yi kokawa, mun sha fura a ƙwarya ɗaya, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da wani suna ba sai Kaɗo. Matarsa takan kawo wa mai ɗakina nono da man shanu, mu kuma mu aika musu da hatsi da kanwa. Da daji ya lalace, ɓarayi suka kore masa mafi yawan garkensa, sai ya taso da iyalinsa ya kafa ruga kusa da gari. Duk wannan na sani, a gabana aka yi.

Daga baya hanya ta yi wuyar bi, zuwa ƙauye ya ragu, zama a shago ya yi yawa. A nan ne babban ɗana da ke aiki a Kaduna ya aiko mini da babbar waya, irin wadda ake shafawa, ya sa mini manhajar nan ta gajerun bidiyo don in riƙa rage kewa. Da farko abin dariya take nuna mini da wa'azi da dambe. Wata rana sai na ci karo da bidiyon wani mutum yana ba da labarin harin da aka kai ƙauyensu. Na tsaya na kalla har ƙarshe, na sake maimaitawa, don abu ne da ya shafe mu. Ina shafawa sai ga wani irinsa. Kafin la'asar babu dambe babu wa'azi, sai masu bindiga da masu kuka da masu ihu a gaban kyamara suna cewa duk makiyayi ɗaya ne, wanda ke daji da wanda ke kawo maka nono, bakinsu ɗaya. Ni a zatona abin da duniya gaba ɗaya ke kallo ke nan. Ban san ni kaɗai aka dafa wa wannan tuwon ba.

A hankali maganar ta zauna mini a ciki. Na daina amsa kiran aminina da fara'a. In matarsa ta shigo gidanmu sai in tsuke fuska. Mai ɗakina ta lura, ta tambaye ni me suka yi mini, na ce ba ta san abin da duniya ke ciki ba. Ta ce ita ma ai tana da waya, kuma ba ta ganin komai a ciki sai girke-girke da ɗinki. Na yi mata dariyar raini, na ce shi ya sa.

Ran nan na aika masa cewa ina son shanuna, wai zan turke su a gida in yi kiwon Sallah. Bai yi musu ba. Da kansa ya koro su har ƙofar gida, ya gaishe ni, ya ce in kula da jan bijimin nan mai karkataccen ƙaho, ba ya son a tsaya masa ta hagu. Na ce na ji, alhali ban ji ba, Allah-Allah nake ya tafi.

Edita, wanda bai taɓa ajiye shanun daji a tsakar gidan birni ba bai san tashin hankali ba. A ranar farko suka cinye zogalen mai ɗakina har saiwa. Kashegari suka hau kuɓewar da ta shanya. Wata saniya ta zura kai ta katanga ta janyo zanen maƙwabciyarmu daga igiya ta tauna rabi, sai da na je ba da haƙuri da sabon turmi a hannu. Na gwada tatsar nono, saniyar ta yi ƙwallo da ni da ƙwaryar baki ɗaya. Ƙudaje suka mamaye gida, abinci ba ya ciwuwa, mai ɗakina ta daina yi mini magana sai ta bakin yara. Shanun kuma suka fara ramewa, suna kuka suna fuskantar ruga. Duk da haka in na koma shago na buɗe waya, sai ta ƙara tabbatar mini cewa na yi dabara.

Ranar kasuwa da hantsi na shiga ba su harawa, na manta na tsaya wa jan bijimin ta hagu. Ya huci, ya fizge turke, na juya da gudu, ya biyo ni. Na fita ta zaure, ya fita ta zaure. Na miƙe layi ina riƙe da babbar riga, hula ta yi nata waje, takalmi ya yi nasa, yara na ihu, masu talla na watsewa. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Allah ya taimake ni na isa bakin shagona inda aka jibge buhunan masara, na haye can ƙololuwa kamar biri. Bijimin ya tsaya a ƙasa yana tonon ƙasa da kofato. Kasuwa ta tsaya cik. Mahauta suka zo da igiya, ya watsa su. Wani ya ce a kira mai bindiga a harbe shi kafin ya soke ɗan mutane, na hau salati, don ga asara ga kuma alhakin rai in ya taɓa wani. Ni kuwa ina sama, rana na dukana, riga a yage, samari sun ɗaga wayoyi suna ɗaukata.

Ban san tsawon zaman da na yi a kan buhunan nan ba, amma har an kira azahar ina can. Sai na hango mutum ya sauka daga kan babur da sanda a kafaɗa, yana ratsa jama'a. Aminina ne. Bai ko dube ni ba, ya yi wa bijimin magana da Fulatanci a hankali, ya shafa masa wuya, dabbar nan da ta hana kasuwa ci ta sunkuyar da kai kamar ɗan rago. Sannan ya ɗaga ido ya ce, "Kaɗo, sauko mana, ko kai ma sai na shafa maka wuya?" Kasuwa ta ɗauki dariya, ni ma ban san lokacin da na fashe da ita ba.

A zaurena muka zauna bayan an ɗaure bijimin. Ƙanwata, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare, ta zo gida hutun ƙarshen mako, ita ta kawo mana ruwa. Na tambayi aminina wa ya je ya gaya masa. Ya ce babu kowa. Yana zaune a gindin bishiya yana shafa wayarsa, sai ga bidiyon wani dattijo a kan buhuna da sa a ƙasa. Ya ce fuskata ba ta fito sosai ba, amma ƙahon ya gane. Na yi mamaki yadda abin da aka ɗauka da hantsi ya iske shi a ruga kafin azahar. Ƙanwata ta ce ba abin mamaki ba ne, injin da ke zaɓo wa mutum abin kallo ya riga ya san shi mai tsayawa ne a kan duk bidiyon da ke da saniya, kuma ya san a yankin nan yake.

Ta karɓi wayata don ta nuna mini. Ta nemo bidiyon wata mata tana suyar waina, ta kalla har ƙarshe, ta maimaita, ta nemo wani irinsa. Kafin mu shanye ruwan da ke gabanmu wayar ta cika da waina da alkaki da miyar taushe. Ta ce, "Yaya, ba jira yake sai gobe ba. Duk inda yatsanka ya tsaya, a nan take yake koyo, ya ƙaro maka irinsa. Bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba, abin da ya sani kawai shi ne me zai hana ka ajiye wayar." Ta ce akwai ma ɗaya daga cikin irin waɗannan injuna da masu shi suka raɗa wa suna monolit. Asalin kalmar, in ji ta, tana nufin ƙaton dutse guda tsaye shi kaɗai, ba haɗi ba tsaga, irin waɗanda muke wucewa a hanya. Masu aikin kwamfuta suna kiran tsarin da aka gina dunƙule guda da wannan suna. Kuma ana faɗinta ga mutumin da ya ɗauki al'umma guda ya mai da ita dunƙule ɗaya, kamar babu nagari babu mugu a ciki. Da ta faɗi na ƙarshen sai ta dube ni, ta kwashi kofuna ta shige gida.

Aminina ya miƙo mini tasa wayar. Bayan shanu, babu komai a ciki sai bidiyon makiyaya da ake duka a kasuwanni, da masu cewa duk mutumin gari so yake ya ga bayan Bafulatani. Ya ce shi ma ya jima yana jin tsoron shigowa gari, har ya hana matarsa kawo nono, kuma ko a kan babur ɗin nan sai da ya yi ta addu'a. Sai na gaya masa gaskiyar dalilin da ya sa na karɓe shanuna. Ya ce ai ya sani tun ranar, don mutumin da bai san harawa da ƙaiƙayi ba ba zai tashi rana tsaka ya ce zai yi turka ba. Ya ce ya ji zafi, ya yi kwanaki abinci ba ya masa daɗi, amma ya bar ni da shanun don ya san za su yi mini wa'azin da shi ba zai iya ba. Na nemi gafararsa, ya yafe, bisa sharaɗin in raka shi da ƙafa har ruga ina kora. Haka aka yi. Mai ɗakina har guɗa ta yi da saniyar ƙarshe ta fita.

Ban ce babu ɓarayi a daji ba. Akwai su, sun cuce mu, sun cuce shi fiye da ni. Bidiyon da na fara kalla ma gaskiya ne. Kuskurena shi ne na bar injin da bai taɓa cin abinci da kowa ba ya gaya mini ko wane ne mutumin da na sani tun muna wasan ƙasa. Ya ba ni tsoronsa, ya ba shi tsorona, kowannenmu na zaune a inuwarsa yana zaton duniya ce take magana.

Don haka ina jan kunnen 'yan'uwa, musamman mu da waya ta riske mu da furfura. In ka ga abu ɗaya kawai take nuna maka, kada ka ce gari ne ya zama haka, karɓi ta maƙwabcinka ka duba, za ka ga wani gari dabam. Kuma kafin ka yanke hukunci a kan wanda kuka yi shekaru kuna gaisawa, ajiye ta, sa takalminka, ka je ka zauna da shi. Ni sai da sa ya kore ni kafin na gane, kuma ba kowa ne zai tarar da buhuna a gabansa ba.