Hoton Da Hajara Ta Yi Wa Mijinta

Ni mai ɗaukar hoto ne a Ƙanƙara, ɗan manomi, ba wanda ya taɓa kama ni da ko allurar wani. Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa, samari suka watse kudu neman aiki, matansu kuma suka riƙa aika musu hotuna. Da wannan nake ci, kuma ya ishe ni, amma ban gode ba.

A Kaduna na sayi tsohon majigi da ƙaramar kyamarar fim marar sauti. Wanda ya sayar mini ya haɗa mini da finafinan Turawa na batsa. Na fara nuna wa direbobi a wani sito a Sheme ranar kasuwa, mu rufe ƙofa rana tsaka, janareto na ƙugi a baya. Ba a daɗe ba suka gaji, suka ce su 'yar gida suke son gani.

Sai Hajara ta aiko a kira ni. Matar aure ce a Faskari, mijinta Sani ya shekara biyu yana tuƙa tanka a Fatakwal. Hoto ɗaya take so. Na ce akwai wanda ya fi, mai motsi, Sani zai gan ta kamar tana gabansa. Ta ce ba za ta buɗe kai gaban wani namiji ba. Na rantse mata zan kafa kyamarar in fita, kuma idon mijinta kaɗai zai gani.

Na kafa, na fita soro. Da aka wanko fim ɗin na kalla ni kaɗai. Ba tsiraici a ciki. Ta cire ɗankwali, ta zauna bakin gado inda haske ke shigowa ta taga, tana warware kitsonta a hankali. Ta yi murmushi, ta rufe fuska don kunya, sannan ta dubi kyamarar, leɓenta na motsi. Kallon da mace ke yi wa mijinta ne in an sakaya ƙofa. Na ji kunya ƙwarai, amma duk da haka na kai shi Sheme.

Daga Sheme na kai shi wani sito a Sabuwa. Maza suna ihu, kowa na faɗin ƙazantar da yake zaton tana cewa. Wata ranar kasuwa wani dattijo ya miƙe a cikin duhun siton, ya ce, "Kashe abin nan. Wagga ɗiyar ƙanena ce."

Dattijon ya kai ƙarata, alƙali ya ɗaure ni shekara uku. Ina ciki na ji Sani ya aiko mata takardar saki, bai ko zo ba.

Da na fito na same ta gidan mahaifinta a Sabuwa, tana surfe. Na durƙusa na nemi gafara. Ba ta ajiye taɓarya ba, ta ce, "Tambaya ɗaya ce gare ni. Shi Sani, ka aika mishi fim ɗin?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ashe kowa ya gani, ban da wanda na yi dominsa. Tashi ka tafi. Yafiya sai ran da na iya."

Na tuba, na fasa majigin, na koma gonar ubana. Ku samari, in wani ya amince muku da abin da ba ya nuna wa duniya, ku riƙe masa, kada ku kai shi kasuwa. Ni shekara uku na yi na fito. Hajara ta rasu ba ta sake aure ba, kuma ba ta aiko mini da yafiyar ba.