Sunayen Sinanci da Issufu Ya Bari a Kwamfuta

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Malam Issufu, mutumin Damagaram, abokina tun muna haya ɗaya a High Point Road, a birnin Greensboro na Amurka, kafin a sauya wa titin suna.

A Sin ya koyi rubuta manhajar kwamfuta. Da mu 'yan Nijar na Greensboro muka roƙe shi ya yi mana wadda za ta riƙe wasiyyar kowa, a binne shi nan ko a kai shi gida, sai ya raɗa wa kowane gurbi da kowane aiki a cikinta suna da haruffan Sinanci. Ni da na koyi aikin da Turanci na yi ta mita.

"Malam, in ba ka nan wa zai karanta wannan?"

"Kwamfuta ta gane," in ji shi. "Kai ne ka rage."

Ranar da zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki, 'yan'uwansa suka bugo daga Damagaram cewa a kawo shi gida. Matarsa, Hajiya Rabi, da ke nan tare da 'ya'yansu, ta ce ba haka ya faɗa mata ba. Aka ce in duba. Manhajar ta ƙi tashi a kwamfutata, sai na shiga cikinta. Ga sunansa, ga lamba ɗaya a gabansa, wato "e", ƙarƙashin kalmar da ban iya karantawa ba. E ga me? Ranar na ji haushin mamaci, har yau ina jin kunyar hakan.

Na buga shafin na kai wa wata tsohuwa 'yar Sin mai kanti a titinmu. Ta sa tabarau, ta bi haruffan da yatsa, ta ce ma'anarsu "zama kusa da 'ya'ya". Da ni ne da "binnewa a nan" zan rubuta. Da na karanta wa yayansa a waya sai ya ce Allah ya jiƙansa. Washegari muka binne shi.

Yau waya kan fassara wannan nan take, na kuma san da yana raye sai ya tsokane ni da haka. Har gobe ina ganin bai kyauta ba. Na mayar da sunayen duka Turanci saboda masu zuwa, ban da guda ɗaya da hannuna ya kasa gogewa. Bara na buɗe gurbin, na sa lamba ɗaya a gaban sunana.