Ramin da Baba Vrba ya huda

Shekara ashirin da bakwai Baba Vrba yana kula da zauren kiɗa na garinmu, kuma katakon dandamalin nan ya fi fuskarsa shan mai. Ni mai busa sarewa ne, sau biyu ya kore ni saboda laka a takalmi. Igwa ta cinye masa kunnuwa tun yana soja, don haka a wurinsa makaɗa mutane ne masu kaɗa hannu suna ɓata masa katako.

Sai aka gayyato Alois Tichy daga birnin Prag da celonsa, babban gogen nan da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi. Dogon kiɗan da ake yayi a lokacin zai yi, celo ɗaya yana zance, mu hamsin muna amsawa. Kiɗan yakan shigo da ƙarfinsa, can ya sauko cikin kewar gida har ya ba ka tausayi, sannan ya sake miƙewa. Amma celo a kan tsinken ƙarfe yake tsayawa, tsinken kuwa sai ya ciji katako.

Da safen gwaji Baba Vrba ya shimfiɗa masa darduma.

"Baba, darduma tana shanye murya," in ji Tichy. "Sai katakon ya taya ni."

"Me ya ce?"

Na maimaita masa a kunne.

"Ce masa katakona ba ɗan amshi ba ne. In rami yake so, akwai maƙabarta a bayan coci."

Tichy ya ture dardumar da ƙafa, muka fara. Tsohon ya rarrafo da tsummansa don ya ga ɓarnar da ido, ya dafa tafukansa a ƙasa kusa da tsinken. Daidai nan celo ya sauko cikin kewar. Baba Vrba bai ƙara motsi ba. Katakon yana karkarwa a ƙarƙashin hannunsa.

Kiɗan yana shirin miƙewa ke nan tsinken ya sulɓe a kan santsin mai, celo ya zame, komai ya yanke. Gobe ne wasan, jagoranmu ya dafe kai.

Baba Vrba ya tashi ya fita. Mun ɗauka ƙara zai kai wa magajin gari. Sai ga shi da mahuji. Ya durƙusa, ya huda katakonsa da hannunsa, ya hure garin katakon, ya soka tsinken a ramin.

"Ce masa ya ƙarasa. Ba a yanke wa mutum magana a tsakiya."

Ya cire takalmansa ya tsaya da safa a kan katakon har muka kai ƙarshe. Ni mai kunne biyu na yi kishinsa ranar, ban kuma ji kunyar hakan ba.

Ina mayar da sarewa cikin jaka ya riƙo hannun rigata.

"Dama abin da kuke yi ke nan duk shekarun nan?"