Kason Umma

Shekara talatin mahaifina yana tuƙa motar wani kamfani a Jidda, shekara talatin kuma Umma tana suyar waina a ƙofar gidanmu a unguwar Sa'alaba. Da wainar nan muka ci, da ita muka yi makaranta. Duk sanda ta yi ƙorafi sai ya ce, "Ki yi haƙuri, kuɗin sallamata na nan tafe, na tsufanmu ne."

Kuɗin suka fito. Ba a rufa wata biyu ba ya sake ta.

Na tara dattawan unguwa a falonmu don a ba Umma kasonta a kuɗin. Babbansu ya jujjuya takardar kuɗin sallamar, ya dube ni ya ce, "'Yata, sunan mahaifinki ne kaɗai a nan. Mace kayan ɗakinta take kwashewa, halas, shi ke nan."

Wane kayan ɗaki? Gadon kwananta ya daɗe da tafiya. Awarwaronta na zinare kuwa ni na raka ta kasuwar Balad ta sayar, shekarar da kafilin mahaifina, ubangidansa a wurin aiki, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama.

Ran da iddarta ta cika, ni na ɗaukar mata kasonta zuwa tasi. Tandar wainar ce. Hannu ɗaya ya ishe ni.