Ƙullutun Wuyan Baba

Shekarar da Turawan ciwon barci suka zo Dutse, an jera mu a gindin tsamiya, manya da yara, malamin asibiti yana bi yana lalubar wuyan kowa. Da ya iso kan mahaifina sai hannunsa ya tsaya. Akwai ƙullutu a ƙasan kunnensa kamar ƙwan kurciya, ya daɗe yana ɓoye shi da rawani. Wanzami ya yi masa ƙaho har sau biyu, amma ƙullutun bai faɗa ba.

Suka soka masa allura, suka zuƙo ɗan ruwa, Baturen ya leƙa a madubinsa na ganin ƙwayoyin cuta ya ce babu ƙwayar ciwon barci. Iya har guɗa ta yi. Baba kuwa bai gamsu ba. Yana ramewa, yana jiƙa riga da gumi ko da sanyi, ga shi yana shirin tafiya Makka a ƙasa bayan kaka. So yake ya sani: ya kama hanya, ko ya zauna ya mutu a gida?

Na raka shi asibitin Kano saboda ɗan Turancin da na tsinta a tashar Ringim. Likita ya ce allura ruwa kawai take ɗebowa, shi so yake ya yanko ƙullutun ɗungurungum, a aika Ikko, can bakin teku, a duba yadda cikinsa ya tsaru. Da ƙyar na fassara, don na san Baba ko aski ya yi sai ya binne gashin.

Ya daɗe yana shafa gemu. Baba tsohon mai sayen gyaɗa ne.

"Kai, faɗa masa na gane," ya ce. "In ka soka ƙarfe a buhu, abin da ke gefe ne zai fito. Mugu a tsakiya yake zuba yashi. A zazzage buhun. Amma in sun gama kallo su maido mini abina, tare za a binne mu."

"Baba, ba sa maidowa."

"Ɗan nema, kai ne likitan? Faɗa masa dai."

Na faɗa. Likitan ya yi murmushi, ya ce ba zai yi alkawari ba. Aka yanka.

Daga baya na zauna a Hartum da Alƙahira, na yi wa masu jinya tafinta da Larabci da Fulatanci. Na ga allura siririya, na ga mai kauri da ke gutsuro tsoka kamar tsinke. Duk suna da sauƙi, ba ɗinki, kuma sau da yawa sun isa. Amma in aka yi zargin irin ciwon Baba, har yau nakan ji likita ya ce a ciro duka. Sai in tuna buhun gyaɗa.

Amsar ƙullutun Baba ta zo daga Ikko ana yankan gero: ciwon daji ne, wanda a lokacin ba shi da magani. Baba ya yi hamdala, ya kwance guzurinsa, ya miƙa mini jakarsa ta fata da sandarsa, ya ce in je a madadinsa in ya rasu. Ya yi sauran watanninsa a zaurensa, jikoki na hawa kansa.

Ƙullutun bai dawo daga Ikko ba. In maƙwabta suka zo dubiya, sai ya ɗaga rawani ya nuna tabon.

"Ku da ba ku wuce Kiyawa ba, ku yi mini ladabi. Wuyana ya je Ikko a jirgin ƙasa, har ya ga teku."