Ranar da Dahiba Ta Rufe Littattafai da Faifai

A duk ƙauyenmu na Nubiyawa, nan tsallaken Aswan, babu amaryar da aka kai ɗaki ba da lallen Dahiba a tafinta ba. Taubashiyata ce, gajeriya, baƙa wuluk kamar kowa a dangi, amma idan ta ƙwala wa ɗanta kira daga ƙofar gida, jakunan da ke wancan gefen kogin Nilu sai sun ɗaga kunne. Ba ta iya karatu ba sai da ta haifi huɗu. A littafin aji ɗaya na autarta ta koya, hannu ɗaya na kwaɓa lalle, ɗayan na bin layi. Tun daga nan ba mu sake hutawa ba. Ko takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki sai ta karance ta tas kafin a ci.

Ita ta yi ta sintiri wajen Ustaz Sabri, tsohon malamin makaranta mai yawo da littattafai gari-gari, har ya gaji ya loda kwali goma sha biyu a kwalekwale ya tsallako. Sharaɗinsa ɗaya ne: kwana biyu zai baje su. In iyaye da yara sun ɗauka sun karanta, ya bar wa ƙauye su har abada. In ba haka ba, da la'asar ɗin rana ta biyu zai kwashe abinsa ya yi gaba.

Aka jera littattafai a kan tebura a zauren baƙi. Mutane kuwa sun zo, maza da fararen jallabiyoyi, mata da baƙaƙen mayafai. Suka gaisa, suka zauna jikin bango, hannuwa a cinya. Duk yaron da ya miƙa hannu sai ya ji mintsini a cinyarsa. Haka aka wuni, ko shafi ɗaya ba a buɗe ba.

Washegari da safe Ustaz ya kira ta da Sitt, wato uwargida, ya ce, "Sitt Dahiba, mutanenki ba sa son karatu."

Dahiba ba ta ko karya ba ranar. Ta dubi teburan, ta dubi Ustaz da ke tsaye a kansu da tabarau, sai ta tafa hannu.

"Haba Ustaz! A gidan wa ka taɓa ganin baƙo ya kai hannu ga abin da ba a ajiye a gabansa ba? Ka jera su kamar kayan ɗakin amarya, ka tsaya a kai kamar mai gadi. Kallo suka zo yi, kuma sun yi."

Ta fita ta ba da murya ɗaya, sai ga tire na fitowa daga kowane lungu. Kowanne ta ɗora masa littafi uku, ta kife da faifai mai launi kamar abincin biki, ta aza wa 'yan mata a ka, gida-gida. A wajenmu kuwa ko maƙiyinka ne ya aiko da tire a rufe, ba ka isa ka ce a mayar ba.

Na Hajja Nabra kuwa, Dahiba da kanta ta kai, don tsohuwar ta fi kowa shekaru, ta kuma fi kowa baki. Hajja ta ɗaga faifai, ta leƙa.

"Ke Dahiba, wannan da miya ake ci ko da shayi?"

"Da ido, Hajja."

"To ai ni idon ya riga ni tafiya."

Duk da haka ta buɗe na sama, ta kusanto da shi har hanci. Hoton wata yarinya ne baƙa, da ƙananan kitso, tana neman akuyarta a bakin kogi. Hajja ta ɗora yatsa a kan fuskar yarinyar.

"Wa ya ba su hoton jikata Ashranda?"

"Ba ita ba ce, Hajja."

"Rufe min baki, ga goshin gidanmu nan! Shekara tamanin ina ganin littafi a hannun yara, ban san ana saka irinmu a ciki ba. Ashranda! Zo ki faɗa min abin da kike cewa a nan."

Ashranda, 'yar shekara tara, wadda malamai suka ajiye a bencin baya don ba ta magana, ta durƙusa ta fara karantawa. Da fari tana in-ina, can sai murya ta saki. Maƙwabta suka daina tankaɗe, suka leƙo ta katanga.

Da la'asar Ustaz na zaune shi kaɗai, bai san ko a bakin murhu littattafansa suka ƙare ba. Sai ya hango layin mutane daga gangare, ɗauke da tire. Ba a mayar da tire wayam, wannan ne bai sani ba. Dabino, gurasa, gugguru, har da soyayyun tattabaru, tire bayan tire, in na ce ɗari uku ban ƙara da yawa ba. Hajja Nabra ce a gaba da sandarta, ita da rabonta da fita tun auren autanta. Bayanta yara, kowanne rungume da littafi, iyaye maza na biye suna gardama a kan wanda ɗansa ya fi iya karatu. Suka cika zaure, suka malalo har bakin hanya, ko'ina muryar yaro ce ke tashi.

Ustaz ya cire tabarau yana goge ido. "Sitt Dahiba, shekara talatin ina wannan aiki..."

"Ci dabino, Ustaz, kada ka yi mana kuka a gaban surukai."

Kwalayen nan goma sha biyu da dabino suka koma, kwalekwalen har yana shan ruwa. Littafi ko ɗaya bai bi shi ba. Dahiba na ɗaure makullin zauren a bakin mayafinta, sai ga Hajja Nabra ta zungure ta da sanda.

"Gobe ki aiko da wani tiren. Kuma ki ƙara hannu, na yau bai ishe mu ba."